Na'urar Ɗan Dundaye

Tun da na dawo daga Yamai ba a bar ni na huta ba. A gidan suna, a gidan gaisuwa, har a wurin niƙa, tambayar ɗaya ce: Hajiya Ige, wai da gaske kin ƙetare iyaka saboda abin wasan yara? Wasu da tausayi suke tambaya, wasu kuma ina ganin dariyar a gefen bakinsu. Na gaji da maimaitawa. Ni ban taɓa zama aji ba, don haka na zaunar da surukata Hadiza, da yake malamar makaranta ce, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Wadda ta sake tambaya sai a miƙa mata takarda.

Mijin Hadiza ɗana ne na fari. Ba za ku ga sunansa a nan ba. Mu a gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama tabarmar da yake zaune, ba ta yi masa wasa. Da anka yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi zuwa Dundaye, can ya yi wayo. Ita yake ce wa Inna, ni kuma Adda. Ni kuwa in zance ya biyo ta kansa sai in ce ɗan Dundaye. Da ya isa makaranta ya dawo wurinmu Gidan Dare cikin Sakkwato, munka ci gaba a haka har ya yi furfura a gemu: ya gaishe ni daga bakin ƙofa, in amsa ina kallon wani wuri. Haka uwata ta yi wa yayana, ban taɓa ganin aibun abin ba.

Ubansa, Allah ya jiƙan shi, falken shanu ne. Shekarar da ya je Makka, mutane na sayo darduma da agogo, shi sai ya sayo wata na'ura ƙirar Japan. Launin toka ce, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, da madannai masu haruffan Larabci da na boko. Ana jona ta da talabijin, a cusa mata kaset mai kamar sandar sabulu a wani rami da ke samanta. Sai wani ɗan jirgi ya fito yana harbin ƙwari masu saukowa daga sama, da wani kiɗa siriri kamar kukan gyare. Alhaji da yaron su kan zauna a kai bayan la'asar har a kira magariba. Ni daga ƙofar madafa nake hango ƙeyarsu. Da Alhaji ya rasu anka mayar da ita kwalinta, anka ɗora saman durowa, ƙura ta rufe.

Bara bayan babbar salla ɗan Dundaye ya faɗi a kara, cikin shanu. Ɓarin dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Da anka sallamo shi daga asibiti sai ya juya fuska bango. Likita ya ce jikin zai iya ɗan dawowa in ya motsa shi, amma sai mai jikin ya so. Shi kuwa bai so ba. Kunu cokali biyu, ya rufe baki. Abokansa na kara sun zo sun yi ta ba'a, bai waiwayo ba. Ni ina tsaye bakin ƙofa ina kallon bayansa yana ƙanƙancewa cikin riga.

Ran nan ya ɗaga hannun hagu ya nuna saman durowa. Hadiza ta sauko da kwalin da rawar jiki, ta goge na'urar, ta cusa wayarta a bango. Sai munka ji fat, hayaƙi ya tashi, ɗakin ya cika da ƙaurin roba. Hadiza, rubuta, ba zagi ba ne, ni ma da ni ce haka zan yi. Ya kalli hayaƙin har ya baje, ya koma bangonsa. Daga ranar cokali biyun ma sai da roƙo. Wani abokinsa ya kawo waya, wai wasan yana ciki, iri ɗaya sak. Ya ture ta da bayan hannu.

Na ɗauki na'urar na kai wa wani mai gyaran rediyo a tsohuwar kasuwa. Ya shinshina ya girgiza kai. Ya ce shi dai bai san wanda zai iya ba in ba ubangidansa da ya koya masa aiki ba, Malam Idi, shi kuwa ya koma Yamai tun tuni. Ya ce in ba direba ya kai. Na ce direban da ba ya iya kai tulu Gwadabawa lafiya? Kuma gaskiyar magana, a gidan ba ni da aikin yi. Matar ɗan Dundaye ke ba shi abinci, ƙannensa ke juya shi. Ni tsayuwar bakin ƙofa ce tawa, ita kuwa ba ta ƙara wa kowa ƙiba.

Maƙwabciyata Kulu tana kai atamfa da turare Nijar, ta san hanya kamar tsakar gidanta. Aibunta ɗaya, bakinta ba ya rufuwa. Na naɗe kwalin cikin farin haramin Alhaji, wanda ya yi aikin hajji da shi, don shi ne ƙyalle mafi kauri a gidan. Munka shiga motar Illela da sassafe.

Kulu ta ce, "Ige, wanga abu da kinka rungume kamar jinjiri, in na ba mutanen unguwa labari ba su yarda."

Na ce, "To kada ki ba su."

"Awo. Ni da shiru ai sai kabari."

Hanyar Illela yanzu ba a tsayawa sayen rake. Direba ya ce duk mai fitsari ya riƙe abinsa, kowa ya san dalili, ba wanda ya yi gardama. Mun wuce garuruwan da na sani da kasuwa cike, yanzu rumfuna ne tsaye ba kowa. Wani tsoho a gaba yana ta jan carbi.

Daga Illela zuwa Ƙonni ba nisa, amma motarmu ba ta ƙetarawa. 'Yan kabu-kabu sunka yi mana caa. Ni ban taɓa raba ƙafa a kan babur ba, kuma ban ga ranar farawa ba. Na samu mai amalanken jaki zai ƙetara da gawayi, na hau. Kulu ta wuce a babur tana ɗaga mini hannu. Na isa bakin iyaka zanena baƙi ƙirin ta baya, haramin dai ban bari ya taɓa buhu ba.

A can wani matashi mai kaki ya duba katunanmu, ya ce in kwance ƙunshin. Da ya ga madannai da wayoyi sai fuskarsa ta sauya.

Ya ce, "Mi ne ne wannan, Hajiya?"

"Abin wasa."

"Na jikanki?"

"Na wani ne."

"Wani ba ya da suna?"

Na kawar da kai. Kulu ta fara zuba, ya ɗaga mata hannu, ya kira babbansu. Na ce a raina tafiya ta ƙare a nan. Babban ya fito yana saka hula, mutum mai tumbi da furfura a gefen kunne. Ya duƙa ya kalli na'urar. Ya sa yatsa ya danna madanni ɗaya, ya sake dannawa. Ya daɗe a haka.

Ya ce, "Maƙwabcinmu a Damagaram yana da irinta. Ta taga muke leƙe, har a kore mu." Ya juya ga matashin. "Mayar mata, kuma ka naɗe yadda ka gan shi."

A Ƙonni munka canza kuɗi, munka shiga babbar motar Yamai. Yaron mota ya miƙo hannu zai jefa kwalin sama, inda anka jibga buhunan albasa. Na ce sai dai ya ɗora ni saman tare da shi. Ya ce da Kulu, "Tsohuwarku akwai rikici." Kulu ta ce, "Ba ka ga komi ba." Haka na ɗora shi a cinya, gwiwoyina sunka sage tun kafin Dogon Dutsi.

Abin da na lura da shi a hanyarsu, ba a gaggawa. A tsaya, kowa ya sauka, a nuna kati, a hau, a yi gaba kaɗan a sake tsayawa. Ba mai zagi, ba mai tsaki. Mu da a ce a Sakkwato ne da tuni an yi dambe. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawon ya kusa cire mini haƙorin da ya rage a gefen hagu. Kulu ta ce a jiƙa shi da shayi. Na jiƙa, ya zama kamar tsumma.

A Dogon Dutsi wata mata ta shigo ta zauna kusa da ni. Ta kalli farin ƙyallen da ke cinyata, ta kalli yadda na riƙe shi da hannu biyu, ta kalli fuskata. Ta gyara mayafi. Can ta sunkuyo ta ce a hankali, "Allah ya ba da haƙuri, Inna. Gida za a kai shi?"

Sai da na ɗan jima kafin na gane gawar jariri take zato. Na ce, "Bai mutu ba."

Ta ja baya a tsorace. Kulu ta yi ta dariya har da hawaye tana yi mata bayani, matar ma ta yi dariya tana ba da haƙuri. Ni ban yi ba. Har munka wuce Doso ina jin maganar a kunnena, kuma na san ba ƙunshin nake nufi ba da na ba ta amsa.

Mun sauka gidan wata 'yar Togo da ke ba 'yan kasuwa mata hayar ɗaki, kowa Madam yake ce mata. Kirista ce, amma da ta ga na ɗauki buta ta nuna mini gabas ba tare da na tambaya ba. A tsakar gida ake kwana cikin gidan sauro saboda zafi. Ta ba mu dambu da zogale da mai da albasa, ya yi daɗi, sai dai yajinsu ba ya da ƙarfi. Mata a garin suna tuƙa babur da kansu, da goyo a baya, ba mai kallonsu. Zabarmawa in sun gaishe ka sai su ce fofo, na koyi wannan ɗaya na tsaya.

Abin da ya fi tsaya mini a gidan shi ne Madam da ɗanta na fari, ƙato mai gemu, direban tasi. Yana shigowa za ta ƙwala masa kira da sunansa tun daga zaure, Kwami, Kwami. Ya zo ya zube a tabarmarta, ya jingina da kafaɗarta, ya sa hannu a kwanonta. Ita kuma tana cire masa zare a wuyan riga tana yi masa faɗa. Na ce da Kulu wannan rashin ta ido da yawa yake. Kulu ta ce, "To ki daina kallo mana." Ban san na daɗe ina kallon ba.

Shagon Malam Idi yana wani lungu bayan babbar kasuwa. Mun je da rana tsaka munka tarar da shi rufe, lungun duka rufe. Ashe su in rana ta take sai kowa ya tafi gida ya kwanta, sai la'asar. Munka zauna a inuwar bango kamar masu bara. Da la'asar ya zo, dogon tsoho siriri, ido ɗaya ya yi fari. Na faɗi wanda ya aiko ni, ya tambayi lafiyarsa, ya karɓi ƙunshin. Ya kwance na'urar, ya kai hanci, ya juya ta wajen haske.

Ya ce, "Ina ƙarfen da anka sayo ta da shi? Baƙi, mai nauyi, kamar rabin bulo, da waya a jikinsa."

Na san shi sarai. Shi ke tokare mini ƙofar madafa tun rasuwar Alhaji, don iska ba ta iya ture shi. Na faɗa masa.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Shi ne mai rage mata wuta. Wutar Makka ta wancan zamani rabin taku ce. Kun ba ta abin da ya fi cikinta." Ya nuna mini wani wuri da ya yi baƙi. "Ta mutu, Hajiya. Abin da ya ƙone an daina yinsa tun kafin a haifi yaran da ke lungun nan."

Ina tsaye sai ga tsofaffi uku sun shigo, kowa da kujerarsa. Malam Idi ya janye wani zane a kan tebur. Sai ga irin tamu, kamar ya da ƙanwa, jone da wata tsohuwar talabijin. Ya kunna. Kiɗan gyaren nan ya tashi, wanda rabona da shi tun Alhaji na da rai. Na zauna a benci ba wanda ya ce in zauna. Tsofaffi da furfura, ɗaya har da sanda, suna ta musu a kan jirgin ƙarya. Wanda ya fi su baki wani Bazabarme ne, tsohon malamin makaranta, suna ce masa Maigida Sumana.

Na ce, "Waccan fa?"

Malam Idi ya ce, "Waccan tawa ce. Daga Jidda na zo da ita. Ba ta sayarwa ba ce."

"Ban ce ka sayar ba."

"To mi kinka ce?"

Na naɗe ƙunshina na fita. Washegari da la'asar na dawo na zauna a bencin, ƙunshina a cinya. Kulu ta tafi sayar da atamfarta. Na sake dawowa, na sake dawowa. Ba na roƙo, ban iya ba. Zama kawai nake yi ina kallonsu. Maigida Sumana ya ce da Malam Idi da Hausarsa mai karkata, "Wannan Hajiya tana kashe mini jirgi da ido." Hadiza ta bugo wa Kulu waya ta ce an sa wa maigidanta ruwa a jijiya, don ya daina karɓar ko kunun. Na ce a ce mata na ji.

Ranar da Malam Idi ya gaji, ya bar su suna wasa ya jawo kujera gabana. Ya zuba shayi a ɗan ƙaramin kofi ya miƙo. Nasu ɗaci ne kamar maɗaci, na shanye don kada ya ce na raina.

Ya ce, "Mai na'urar nan yaro ne?"

"Ya yi furfura."

"Lahiyarsa ƙalau?"

Na faɗa masa faɗuwar, da bango, da hayaƙin.

"Mi ne ne shi a wurinki?"

Na ce, "Ɗan mutanen Dundaye ne."

Ya kalle ni da idon nan mai gani. Ya daɗe. Ya ce, "Na fari ne ke nan."

Na kalli ƙofa.

Ya ce, "Ni ma na fari ne. Tsohuwata har ta rasu ban ji sunana a bakinta ba. Mai rediyo take ce mini. Ina Jidda ta yi ciwon ajali. Da na dawo ƙanwata ta ce kullum sai ta sa an buɗe mata rediyo, ba ta sauraro, a buɗe dai." Ya karɓi kofin ya ɗauraye. "Ɗauki tawa ki tahi da ita."

Na ce a'a. Na kwance haramin na nuna masa madannan gefen dama, masu kibiya, inda fenti ya goge ya yi santsi. Na ce wannan yatsun ubansa ne da nasa. An kawo masa a waya ya ture. In na kai masa baƙuwa zai gane.

Ya ce to sai dai a cire hanjin tasa a sa a jikin tamu. Ya juya ya faɗa wa tsofaffin da Zabarmanci. Ban ji yaren ba amma na ga fuskokinsu. Maigida Sumana ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Idi, ka kashe mana la'asar. Mi za mu yi yanzu, mu zauna mu ƙirga waɗanda sunka mutu?" Sunka yi wasan ƙarshe, kowa ya karɓa bi da bi, ba musu ko ɗaya. Da sunka gama Maigida Sumana da kansa ya zare wayar daga bango. Da zai fita ya tsaya gabana ya ce, "Ki ce masa tsofaffin Yamai suna gaishe shi." Na yi masa godiya, bai tsaya ji ba.

Da aikin ya kammala Malam Idi ya jona tamu, ya cusa kaset ɗinmu, jirgin ya fito. Na miƙe zan naɗe, ya ce in dakata.

"Wane hannu ne ya shanye?"

"Dama."

"Wasan na hannu biyu ne. Ɗaya tuƙi, ɗaya harbi. In ya tuƙa da hagu, wa zai harba?"

Na ce matarsa.

"Kin ce malama ce. Tana makaranta tun safe. Wa ke gida?"

Na ce ni ba yarinya ba ce. Ya ce shi ma bai yanka tasa don a mayar da wannan saman durowa ba. Ya nuna mini wani dogon madanni a ƙasa, wanda ba rubutu a kansa. Ya ce wannan ko makaho ya iya. Kulu ta dawo daga kasuwa ta tarar da ni zaune gefen namijin da ba muharramina ba, ina dukan na'ura da yatsa.

Ta ce, "Ige, in na mutu ban ba da wanga labari ba Allah ya isa tsakanina da mutuwa."

Malam Idi ya ce, "Kada ki danne, Hajiya, ba tuwo kike tuƙawa ba. Taɓa ki saki. Jira ƙwaron ya zo saitin hancin jirgi." Na kashe masa jirgi ban san iyaka ba. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Da zan tafi na kwance bakin zane, ya ce in ɗaure abina. Na bar masa turaren wuta da Kulu ta ba ni. Na waiwaya daga bakin lungu na hango shi yana mayar da zanen nan a kan ƙwaryar tasa, wadda ba komai a cikinta yanzu.

Dawowa ba abin faɗi. Hanya ɗaya ce, sai dai a Ƙonni na hau babur, don amalanke ya yi mini jinkiri. Wadda ta ga dama ta yi dariya.

Na tarar da shi ya ƙara zubewa, ƙashin kafaɗa kamar zai huda riga. Na ciro ƙarfen daga ƙofar madafa, mai rediyon tsohuwar kasuwa ya zo ya goge shi, ya auna, ya ce da ransa. Tun ranar ƙofar take bugawa, ban sa mata komai ba. Da safe Hadiza ta tafi makaranta, anka kawo wuta wajen hantsi. Mai rediyo ya jona komai a kan ɗan tebur gefen gado, ya kunna, ya fita.

Kiɗan ya tashi. Ina bakin ƙofa. Na ga ƙeyarsa ta motsa. Ya juyo da ƙyar, a hankali, kamar mai ɗaga buhu. Ya kalli talabijin, ya kalli na'urar. Ya miƙa hannun hagu ya shafa wurin da fentin ya goge. Ya ja jiki ya jingina da filo, ya ɗora yatsu a kan kibiyoyin. Jirgin ya yi dama, ya yi hagu. Ƙwari sunka sauko sunka cinye shi. Ya sake, sunka sake cinye shi. Na ga ya kalli hannun damansa da ke kwance a cinya kamar ba nasa ba. Na ga wuyansa ya fara komawa wajen bango.

Na shiga. Na zauna a bakin gadon. Na'urar kamu ɗaya ce, ba yadda mutum biyu za su sa mata hannu ba tare da kafaɗa ta taɓa kafaɗa ba. Rabon da jikina ya taɓa nasa tun ranar da anka ɗauke shi zuwa Dundaye da ɗacin yaye a bakinsa. Ban kalle shi ba, shi ma bai kalle ni ba. Duk mu biyun talabijin muke kallo, ba wanda zai ce an yi rashin kunya. Na ɗora yatsa a dogon madannin.

Ƙwaro ya zo saitin hanci. Na ji ya ja numfashi, harshen nan mai nauyi ya juya.

Ya ce, "Adda. Buga."

Na buga.

Ranar ya sha kunu rabin kofi. Bayan nan ya ci tuwo, har ya nemi kilishi. Kullum in akwai wuta muna kai, in babu mu zauna a wurin muna jira, kafaɗa da kafaɗa, muna kallon baƙin gilashi. Maganarsa ba ta wuce kalma biyu uku ba, hannun dama kuma bai dawo ba. In na yi saurin bugawa ya kan yi tsaki, irin na ubansa. Na isar masa da gaisuwar tsofaffin Yamai, ina kallon talabijin na faɗa, ya ɗaga kai.

Haka munka yi rani duka. Da damina ta faɗi ciwon ya sake bugunsa, da rana, Hadiza na gida. Bai kai asibiti ba. Allah ya jiƙan shi, ya sa ya huta.

Masu cewa wahalar banza na yi, tun da ga yadda ta ƙare, na ji ku. Ba zan yi musu da kowa ba. Hadiza, daina goge ido, ƙarasa, saura kaɗan.

Na'urar tana nan inda take, ban mayar da ita saman durowa ba. Wata rana in gidan ya yi shiru bayan la'asar na kan kunna. Jirgin ya kan fito ya tsaya a tsakiya, ba ya dama ba ya hagu, don ni harbi kawai anka koya mini, tuƙin nasa ne. Ina zama a gefena na gadon, in bar nasa gefen. In ƙwaro ya zo saiti in buga. Ba ya daɗewa suke cinye shi.